Zanen da ya zama gadon kowa



A wannan karo za mu tattauna ne a kan wata dukiya da ba a sayen ta da kuɗi, wato tsofaffin zane-zanen tsirrai, ƙwari da tsuntsaye da masana suka yi da hannu tun kafin a ƙago na'urar ɗaukar hoto. A dokar Faransa, idan mai zane ya cika shekara 70 da rasuwa, aikinsa yakan zama na kowa. Shi ya sa Gallica, taskar intanet ta babban ɗakin karatu na ƙasar, da takwararta Biodiversity Heritage Library suka baje dubban irin waɗannan zane kyauta.

Mu ɗauki misalin Maria Sibylla Merian, wadda aka haifa a Jamus a 1647. A zamaninta mutane da yawa sun ɗauka daga ruɓaɓɓen abu ƙwari ke fitowa. Ita kuwa sai ta riƙa kiwon tsutsa tana lura da ita har ta rikiɗe ta zama malam-buɗe-littafi. A 1699, tana da shekara 52, ta tafi Surinam a Amurka ta Kudu tare da ɗiyarta. A 1705 ta fitar da littafi mai zane 60, kowane ƙwaro a kan tsiron da yake ci, har da rogo da abarba.

Sai dai akwai abin takaici. Bayi da ƴan ƙasar ne suka riƙa nemo mata tsirrai, suna gaya mata amfaninsu. Ta ambaci taimakonsu, amma ba ta rubuta sunayensu ba. Yau babu mai iya yi musu godiya da suna.

Kada mu maimaita wannan. Idan muka sauke zane muka buga a takarda, ko muka aika wa dangi ta waya, mu rubuta sunan mai zanen, da littafin, da shekarar. Doka ta yafe mana kuɗi, ba ta yafe mana amana ba. Yabon gwani kuwa ya zama dole.

Sannan mu zauna da yaranmu mu duba zanen tare, mu ba su fensir su zana ganyen zogalen da ke tsakar gida, su sa sunansu a ƙasa.

Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.