Wifi ya kai shago, idon uba bai kai ba

Tun da Starlink ta shigo Nijar a 2025, wani yayi ya sauka daga Magarya har Dungas. Mai hali ya kafa faranti bisa soro, ya ga katangar ƙasa da rufin kwano suna tare sigina, sai ya sayo na'ura ta biyu ya liƙa a shagon samari na ƙofar gida. Haba Alhaji! Ka ja intanet har ɗakin da kai kanka ba ka leƙawa bayan isha'i?

Mu malamai muke kwasar abin da ya biyo baya. Yaron da BEPC ke jiransa ya shigo aji ido jawur, yana gyangyaɗi, ya kwana a TikTok shi da abokan da ya raba wa lambar sirri.

Za ku ce don karatu aka ja. To me ya sa ba a kai ta tsakar gida ba, inda ƴanmata ke bitar darasi gaban uwarsu?

Gyaran ba ya cin ko dala. Ƙarfe goma na dare, zare filogin na'urar shago, ka shiga da ita ɗakinka. Lambar sirri kuma a sake ta duk wata.