Sharhi: Ciwon Ƙoda da Ƙashin Yara

Sharhinmu na yau kan yaran da ke fama da ciwon ƙoda ne, da maganin ƙashin da ake ɗura musu.

Da zarar an ga yaro ya ƙi tsawo, ƙafafunsa sun yi gwame ko sun lanƙwashe, sai maƙwabta su yi ca: a sayo masa kalsiyam da bitamin D a kemis. Ga yaro mai lafiyayyar ƙoda shawarar tana da tushe. Binciken da likita Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa masu lanƙwasar ƙafa a can ƙarancin kalsiyam ne ya fi addabarsu, don abin da suke samu a abinci bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba. Da aka ba su kalsiyam, ƙashin akasarinsu ya warke.

To amma mai ciwon ƙoda lissafinsa daban ne. Rana ba ta yi mana rowa ba a ƙasar Hausa, kuma da haskenta fata ke samar da bitamin D. Sai dai ɗanye yake fitowa. Hanta ta fara sarrafa shi, ƙoda ta ƙarasa, sannan ya iya jawo kalsiyam daga hanji zuwa jini. In ƙoda ta raunana, wannan aiki ya tsaya, kuma sinadarin fosfet da ya kamata ya fita ta fitsari sai ya taru a jini. Nan wasu 'yan ƙananan halittu huɗu da ke cikin wuya, waɗanda likitoci ke kira paratayirod, za su shiga kwashe kalsiyam daga ƙashi don su cike giɓin jini. Tamkar mai ɓanɓare tubalin katangarsa ne yana gyaran ɗaki.

Akwai kuma yaran da ke kumbura saboda furotin na zuba a fitsarinsu. Bitamin D na bin furotin ɗin ya fice, ga shi maganin prednisolone da ake ba su na tsawon lokaci yana raunana ƙashi.

Ke nan buƙatar maganin ƙashin tana nan. Haɗarin yana wajen awo. Kalsiyam in ya yi yawa alhali fosfet na sama, a jijiyoyin jini yake daskarewa, su ƙandare tun yaro bai balaga ba, kuma ciwon zuciya na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe masu wankin ƙoda. Shi ya sa ƙa'idar ƙungiyar ƙwararrun ƙoda KDIGO ta 2017 ta ce a riƙe kalsiyam ɗin jinin yaro daidai da shekarunsa. Bitamin D ɗin ma iri-iri ne: akwai ɗanyen, akwai sarrafaffen irin su calcitriol da alfacalcidol, masu saurin ɗaga kalsiyam. Mai kemis ba shi da hanyar sanin wanda ya dace.

Ko lokacin sha yana da ma'ana. In likita ya ce a sha ƙwayar kalsiyam tare da abinci, so yake ta kama fosfet a hanji, don haka shan ta da daddare bayan tuwo ya narke asarar kuɗi ce. Nono da madara na da kalsiyam amma suna da fosfet, shi ya sa wani lokaci ake ƙayyade su. Baƙin lemon kwalba kuwa a nisanta yaro da shi.

Gwajin jinin da likita ke tsai da awon maganin da shi yana da tsada, musamman na paratayirod, kuma sau da yawa sai an je manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Kano, Zariya ko Maiduguri. Hukumomin lafiya na jihohi su sa shi cikin tsarin inshora. Iyaye kuma, duk kwalbar da yaro ke sha, har da ta gargajiya, ku tafi da ita ranar ganin likita ku nuna masa.