Kafin ka loda sunayen mutane a shafi

Jama'a, jiya a ɗakina na Azuba kwana na yi ina gyaran ɓarnar da na tafka. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ta sa ni kwashe jerin mambobi daga Excel zuwa shafinmu na WordPress. Na loda gaba ɗaya, ba gwaji. Ɗanladi ya koma ?anladi, a lambobin waya kuma 080 ta zama 80.

Wani ya ce a cire lanƙwasar haruffan a huta. Wallahi ban yarda ba, sunan mutum ne fa.

Ajiye fayil ɗin a CSV UTF-8, shi ke riƙe ƙ, ɗ da ɓ. Gurbin lambar waya a mai da shi rubutu tun kafin a cike. Adana kwafin shafin, sannan ka gwada da layi goma tukuna.