A Daina Yi Wa Masu Taron Mujiya Dariya

Edita,

Ka taimaka mini da ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana manoma da 'yan tireda game da ƙungiyoyin nan na masu kallon tsuntsaye, waɗanda kan taru su yi ta bayani a kan mujiya. Da yawanmu in mun ji sai dariya, mu ce 'yan boko sun ƙoshi, ana fama da tsadar taki su kuwa mujiya ce ta dame su. To ni dai ban ga abin dariya ba, ga kuma dalilina.

A ƙasar Indiya akwai wata 'yar mujiyar daji da ba ta fi kurciya girma ba. Ita da rana take farauta, tana cin ƙadangaru da ɓeraye da fara, ta yi ƙwai a kogon itace. Masana sun fara rubuta labarinta a 1873, daga 1884 kuma ba su sake sa ta a ido ba har shekara 113, wasu ma suka ce ta ƙare. Ashe da sa hannun wani hafsan sojan Ingila, Richard Meinertzhagen. Shi ne ya saci gawar guda ɗaya daga gidan adana kayan tarihi na ƙasarsu, ya canja mata takarda, wai shi ya harbo ta a Gujarat a 1914. Masu nema suka yi ta wahala a wurin da ya ambata, ba su ga komai ba. Sai da wata masaniya Ba'amurkiya, Pamela Rasmussen, ta tona ha'incin, ta bi tsofaffin takardu na gaskiya, sannan ita da abokan aikinta suka ga tsuntsuwar da ranta kusa da garin Shahada a jihar Maharashtra, cikin Nuwamban 1997.

Jama'a, ku duba fa. Duk tsawon shekarun nan tsuntsuwar tana nan a dajin da talakawa ke shiga yin itace da kiwo. A takardun masana kawai ta ɓace. A 2014 ma wani mai sha'awar kallon tsuntsaye ne ya hango ta a dajin Tansa, kusa da Mumbai, inda ba a san tana zama ba. Har yanzu ƙiyasin manyanta bai kai 1,000 ba. Abin da ke cinye ta kuwa sare itatuwa ne da gobarar daji da faɗaɗa gonaki. Ga kuma matsafa da ke sayen mujiyoyi a ƙasar, musamman lokacin bikinsu na Diwali.

Wanne ne a cikin waɗannan babu shi a wurinmu? Mu ma muna da ƙananan mujiyoyi masu zama a kogon itace, kuma tsohon itace ne ke yin kogo. Shi ne kuma mai gawayi ke fara ɗora wa gatari. Duk mai bin hanyar ƙauye yana ganin buhunan gawayi a jere da motoci shaƙe da su. Ƙirya da marke sun yi wuyar gani, yanzu har kaɗanya ba ta tsira ba. Ba na zagin mai gawayi, neman abinci yake yi, kuma muddin kalanzir da gas sun fi ƙarfin talaka, sai an sara. Amma asarar a kan manomi take komawa. Mujiya mai gadi ce da ba a biyanta ko kwabo, tana kwana tana kama ɓerayen da ke yi mana ɓarna a gona da rumbu. In babu ita sai mu sayi maganin ɓera, in kuma wata ta ci ɓeran da ya sha maganin ita ma ta mutu, ɓera ya ƙara samun sarari.

Batun cewa tsuntsuwar mayu ce, ko kukanta mutuwa ne, malamanmu sun sha faɗa cewa camfi ne, ba shi da gindi a addini. Duk da haka yara na jifanta muna kallo.

Su ma masu ƙungiyoyin ina da magana da su. Taro a birni cikin Turanci, a tafa a watse, ba zai hana a sare itace ko ɗaya ba. Su yi koyi da cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda tun 2002 take zaune a dajin Amurum, tana aiki tare da mutanen ƙauyen Laminga. Su zo ranar kasuwa, su nemi izinin mai gari, su yi bayani da Hausa, su tambayi maharba da Fulani makiyaya inda kogunan itatuwa suke. Ma'aikatan gandun daji na ƙananan hukumomi kuma su zauna da dagatai a ware tsofaffin itatuwan da ba za a taɓa ba, a shafa musu fenti kowa ya gane su.



Naka,
Audu Mai Tireda,
Jihar Bauchi.