Masu Koyon Shari'ar Yahudawa A Dare Ɗaya

A wata ikkilisiyarmu wani matashi ya tashi a lokacin nazarin Littafi Mai Tsarki ya ce zunubi ne a zuba man shanu a miyar nama, wai haka ya karanta a shari'ar Yahudawa ta wayarsa. Tun daga ranar mata biyu suka daina zuwa girkin zumunta. Ba mu hana kowa karatu ba, amma wannan tsince-tsince ne.

Gaskiya ne Fitowa 23:19 ta hana dafa ɗan akuya a nonon uwarsa, kuma daga nan malaman Yahudawa suka fitar da dokar raba nama da nono. Amma tsakanin ayar da hukuncin akwai doguwar tafiya. Akwai Mishna, wadda aka harhaɗa wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, sai Talmud da ke sharhinta, sai Shulhan Aruk na Yusuf Karo, wanda aka buga a 1565 domin a san inda hukunci ya tsaya. Mishna gardama ce a rubuce. A babi na takwas na sashen Hullin, Malam Yosi Bagalile ya yarda a dafa naman tsuntsu da nono, amma ba maganarsa aka bi ba. Wanda ya faɗa kan layin nan shi kaɗai zai tashi da hukuncin da masu shari'ar suka ajiye tuntuni.

Mai son koyo da gaske ya ɗauki fanni ɗaya tak. Ya fara da ayoyin, ya bi babin Mishna tare da sharhi, sa'an nan ya duba hukuncin ƙarshe, yana rarrabe abin da Attaura ta ce da abin da malamai suka ƙara. Kada ya zauna shi kaɗai. Su Yahudawan bibbiyu suke karatu, wani yana ƙalubalantar wani, kuma mai karanta warka ɗaya ta Talmud kullum sai ya yi shekara bakwai da rabi kafin ya sauke. Namu kuwa dare ɗaya ya ishe shi!

Da ya yi haƙuri da ya tarar cewa malaman nan ba su ɗora wa al'ummai dokar nama da nono ba. Dokoki bakwai na zuriyar Nuhu kawai suka lissafta musu. Manzanni ma sun yanke tasu maganar a Ayyukan Manzanni sura 15.

Dattawa, duk wanda ya zo da irin wannan koyarwa, ku tambaye shi littafi da babi kafin ku ba shi mumbari. Ku kuma je ku dawo mana da matan nan biyu.