FILIN KAYAN GADO: Karanta Tambarin Bindiga Kafin Ka Ɗura Mata Harsashi

A wannan wata filin namu zai leƙa wani kayan gado da ke rataye a ɗakuna da yawa, tun daga cikin garin Malanville har Gene, Garu, Madekali da Karimama, wato tsohuwar bindigar farauta. Sau da yawa in ka tambayi mai ita daga ina ta fito, sai ya ce ai ta kakansa ce, shi ke nan. Alhali kuwa bindigar tana ɗauke da tarihinta a jikinta, an buga shi da ƙarfe, kuma wanda ya iya karanta shi zai san irin harsashin da za ta iya ɗauka da wanda zai iya fasa ta a hannunsa.

Da farko a tabbata babu harsashi a ciki. In mai karyewa ce, mai baki ɗaya ko biyu, sai a cire katakon da ke ƙarƙashin bututu, a raba bututun da ƙota, a kifa shi. A nan ƙasa, kusa da inda ake sa harsashi, tamburan suke. A goge da tsumma da ɗan kananzir, a shafa alli, sai rubutun ya fito fari. Kada a kuskura a sa magagari ko a kankare da wuƙa, domin abin da aka goge ba ya dawowa.

Tambari iri biyu ne, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Akwai sunan wanda ya ƙera ko ya sayar, galibi a saman bututu. Akwai kuma hatimin gidan gwaji, inda ake ɗura wa bindiga albarushin da ya fi ƙima a harba, in ta jure sannan a buga mata shaida. Suna kowa na iya rubuta shi, amma hatimin gwaji shi ne mai faɗin gaskiya. An sha ƙera bindigogi masu araha a Beljiyam a rubuta musu suna mai kama da na Ingila don su yi kasuwa. Saboda haka in sama ta ce LONDON, ƙasa kuma ta nuna hatimin Beljiyam, to ka gaskata ƙasa.

Ga waɗanda aka fi gani a yankinmu. Na ɗaya, haruffa E, L, G da ɗan tauraro cikin wani zane mai siffar ƙwai. Wannan na birnin Liyej ne a Beljiyam, an kafa shi da dokar 1810. In akwai kambin sarauta bisa ƙwan, to daga 1893 zuwa gaba aka gwada ta. Sai dai bindigar da ake ɗurawa ta baki, ita an ci gaba da buga mata marar kambi ko bayan wannan shekara. In ka ga zaki bisa haruffa PV, an gwada ta da albarushin zamani marar hayaƙi.

Na biyu, rassan dabino a gicciye da kambi, tare da rubutun ST ETIENNE. Wannan birni ne a Faransa, can kamfanin Manufrance yake, wanda ya yi bindigar Simplex mai baki ɗaya da Robust mai baki biyu, wadda ta fito a 1913. Da yake Dahomey da Nijar duk suna hannun Faransa a wancan zamani, irin waɗannan sun shigo mana da yawa. Haruffa PT na nufin an gwada ta da albarushi marar hayaƙi. Tsohon kamfanin ya durƙushe tun a shekarun 1980, don haka kayan gyaranta na asali sai an nema. Akwai kuma tsohuwar bindigar soja ta Gras, mai rubutun 1874, da aka riƙa faɗaɗa bakinta a mai da ita ta farauta. Wannan 1874 shekarar samfurin ce, ba lalle ita ce shekarar da aka ƙera taka ba.

Na uku, sandunan sarauta biyu a gicciye, ko BP, BV, NP ƙarƙashin kambi. Na Bamingam ne a Ingila, inda aka buɗe gidan gwaji a 1813. Wanda ya ga BNP, to an gwada ta ne daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa gaba. Na huɗu, kibiya cikin garkuwa, ko sunan Baikal: wannan daga Rasha take, tun zamanin Tarayyar Sobiyat.

Wataƙila wani ya ce, to me ya sa adakar kakansa mai ƙyastu take da hatimin Turawa? Dalili shi ne, a 1890 ƙasashen Turai sun yi yarjejeniya a Burussel, suka hana sayar wa mafi yawan mutanen Afirka bindigogin zamani, suka bar musu masu ƙyastu da albarushin gargajiya. Shi ya sa Liyej ta daɗe tana ƙera irin wannan domin kasuwarmu, bayan su Turawan sun bar ta tuntuni. Ke nan ba kowace adaka ce ta kai tsufan da ake zato ba.

Yanzu sai lambobi, kuma nan ne batun rai yake. Lamba 12 ko 16 ko 20 faɗin baki ce. Ma'anar 12 ita ce ƙwallon darma 12 masu cika bakin su ne laba ɗaya, don haka 16 ta fi 12 ƙunci. Kusa da ita za ka ga 65 ko 70, wato tsawon ɗakin harsashi a milimita. Ta Ingila kuwa inci take rubutawa: 2½ daidai da 65, 2¾ daidai da 70. To ga tarkon: ana auna tsawon harsashi ne bayan ya buɗe, saboda haka harsashin 70 da ba a harba ba zai shige ɗakin 65 sumul. Idan ya tashi, bakin kwanson ba ya samun wurin buɗewa sosai, sai ƙarfin ya ƙaru a kan tsohon ƙarfe. Mafi yawan harsashin da ke kasuwa yau 70 ne ko fiye, tsofaffin bindigogi da yawa kuma 65 ne. Haka nan bindigar da ba ta da PV, PT, NP ko makamancinsu, ko wadda jikin bututunta ke da zane kamar an murɗa igiya, ba a yi ta don albarushin zamani ba.

A sani kuma, hatimi shaida ce ta ranar da aka buga shi. Bai san tsatsar damina saba'in ba, bai san lotsewa ba, bai san zanzaro ya yi gini a baki ba. A ɗaga bututun a leƙa ta wajen haske. In mai baki biyu ce, a rataye bututun a ƙwanƙwasa shi: ƙara mai zaƙi alama ce haɗin na nan, in ya yi dum kuwa ya saki. Bindigar da maƙeranmu suka ƙera a gida, ko da an buga mata haruffa don ado, ba ta bi ta gidan gwaji ba, kada a ɗauke ta daidai da waɗancan.

Abu na ƙarshe shi ne lambar bindiga, wadda ita ake rubutawa a takardar izini. Yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 kan ƙananan makamai ta wajabta alama da rajista. Tun daga 2021 kuma kowa ya san halin da arewacin ƙasar nan ya shiga, musamman kewayen gandun dajin W. A irin wannan lokaci, bindigar da aka kankare wa lamba ko marar takarda na iya jawo wa mai gida tuhumar da ba zai iya wanke kansa ba, balle mu da kullum muke kan hanyar kasuwa. Takardar da ke da sunan marigayi ba ta rufe magaji, sai a je wurin hukuma a tambayi yadda za a daidaita.

Shawararmu ita ce, kowa ya kwafi tamburan bindigarsa a takarda ya ajiye tare da takardun gida. Wanda ya ga alamar da ba mu ambata ba, ya zana ta ya aiko wa wannan fili. Rigakafi dai ya fi magani. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.