Tun ran gini, ran zane

A Lamorde, ƙetaren gadar Kennedy, kusa da Jami'ar Abdou Moumouni, ba a rasa jin kukan ɗalibin da kundinsa na ƙarshen karatu ya salwanta wurin mai gyara. Windows ce ta lalace, aka share faifan kwamfuta baki ɗaya domin a sake zuba ta, wahalar shekara ta bi ruwa.

Manomi ba ya haɗa iri da hatsin ci. Haka faifai ya kamata a raba shi ɗaki biyu tun ranar saye: C na Windows, D na takardu. In an share C, D yana nan daram, muddin can aka riƙa ajiya. Tsarin MBR na 1983 manyan ɗakuna 4 yake ɗauka, GPT kuwa har 128 a Windows. Masu Linux suna da LVM tun 1998, mai faɗaɗa ɗakin da ya cika.

Amma ɗan kasuwa da ma'aikaci su tuna, ɗakunan nan rufinsu ɗaya. Ranar da faifai ya mutu, duka sun tafi. Littafin bashi, a ajiye kwafinsa a wani faifai daban.